Ranar da Kwamfuta ta Kira Kasuwa

Jiya da hantsi na leƙo waje sai ga Kawu Sale daga Baure, da raguna cike da a-kori-kura, yana neman yayana Nura. Ya kawo su kasuwar Daura, ya tarar ba ranar cinta ba ce.

Nura da abokansa ne ke kula da wata manhajar kyauta mai nuna ranakun kasuwanni, wadda kowa zai iya sa hannu ya gyara. Sun saita kwamfuta ta riƙa tura wa jama'a duk sabon gyara da kanta. Ashe garin gwaji Nura ya rubuta wai kullum kasuwar Daura na ci, ya tashi ya tafi masallaci.

"Nura, wa ya turo min wannan ƙarya?"

"Wallahi Kawu ba kowa. Kwamfuta ce ta saki da kanta."

"To fito min da ita ta yi tayin ragunan nan."

Yanzu sun sa doka: ba gyaran da zai fita sai mutum biyu sun duba, ɗaya ya danna da hannunsa.

Ragunan kuwa suna tsakar gidanmu har ranar kasuwa, sun cinye zogalen Inna tas. Ta ce kwamfutar ta zo ta dasa mata wani.

Jama'a, a ganinku wa ya kamata ya ɗauki fartanya?