Rabon Gobe a Rigar da Gwaggo Indo Ta Ɗinka Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Ƙarfi tun daga yaye har aure. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadakar waina, in yi addu'a, in koma harkokina. Bana kam sadakar ba ta wanke mini zuciya ba. Wani abu ya faru a gidana nan Funtuwa da ya sa nake jin nauyinta kamar tana zaune a tsakar gida tana kallona, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Gwaggo ba ta taɓa buɗe shago ba. Baƙin keken ɗinki na hannu gare ta, tana ɗora shi a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yan mata da matan aure na unguwa suna zuwa koyo. Duk wadda ta zo da sabon yadi a ranar farko, Gwaggo takan karɓa ta ajiye mata, ta miƙo mata buhunan taki da aka wanke. Su za ki yi ta haɗawa har su zama shimfiɗar shanya masara. Takan ce, "Yi ta karkacewa, ɗiyata, masara ba ta kai ƙara." Sai hannunki ya miƙe sannan a zo mataki na biyu, wanda kowa ke gudu: a ba ki tsohuwar riga da reza, ki farke ta zare bayan zare, ki baje hannu da wuya da jiki a ƙasa, ki kalle su da kyau, sannan ki mayar da ita yadda take. A wurinta wadda ba ta farke riga ba, ba ta san riga ba. Ni dai a buhu na tsaya. Da aka zo farka sai na ga wahala ce kawai, na zame, ita kuma ba ta matsa mini ba.

A gidanta ƙyalle ba ya mutuwa da wuri. Zanen da ya gaji yakan koma rigar yarinya, rigar ta koma ƙunzugu, abin da ya saura ya zama gammo ko tsumman sauke tukunya. Da sabon gini gara yaɓe, in ji ta. Ga ƙasarmu ta auduga, ita ma ta tsince ta a gonar mijinta har yatsunta suka faffashe, don haka ba ta ganin yadi a matsayin abin da ke faɗowa daga sama.

To, ku tambaye ni sana'ar da nake yi yau. Atamfa da leshi nake sayarwa, kuma rabin bukukuwan unguwarmu ni ke fitar musu da anko. Da bakina nake ce wa mata, "Haba Hajiya, wannan ai an riga an gan ki da shi." Sannan in damina ta faɗi, tsummokara su toshe kwata, ruwa ya shigo mana zaure, ni ce kan gaba wajen zagin ƙazantar mutane. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Watannin baya 'yata Nafisa, da ta gama sakandare tana zaune a gida, ta kamu da kallon wasu mata a waya masu mayar da tsofaffin kaya sababbi. Ta zo mini da zumuɗi wai sabon yayi ne, ana yi don a rage ɓarnar tufafi. Ta jawo keken Gwaggo daga ƙarƙashin gado, ta goge, ta zuba masa mai, ta ce, "Umma, sa mini zare." Na zauna gaban keken nan da na girma da ƙararsa a kunnena, na juya zare nan, na juya can, na rasa ta inda ake bi. Ƙarshe maƙwabciyarmu aka kira. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Don in rufa wa kaina asiri sai na hau ba ta labarin ƙa'idar Gwaggo, buhu sannan farka. Yarinya ta ɗauka da gaske. Ta gama da buhuna, ta ce in ba ta tsohuwar riga. Na buɗe durowa, ga kaya har suna zubowa, amma babu tsoho ko ɗaya, duk anko ne da aka sa sau ɗaya ko biyu aka watsar. Ta gwada guda, ta tarar tela ya aske bakin yadin daf da ɗinki, tana jan zare yana zarewa. Sai ta tono can ƙasan akwati, ta fito da wata shuɗiyar riga.

Ita ce riga ta ƙarshe da Gwaggo ta ɗinka, daga zanenta na fita unguwa ta yanka mini, lokacin kaka a shekarar da za ta rasu. Na sa ta 'yan lokuta, jiki ya buɗe, ta matse ni, na ninke na ajiye. Na ce wa Nafisa ta mayar, wannan ba ta taɓuwa. Kwanaki ina juya abin a raina. In na ba ta, ɗinkin hannun Gwaggo na ƙarshe ya tafi ke nan. In na hana, keke zai koma ƙarƙashin gado, don na ga zumuɗin yarinyar ya fara sanyi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da na tambayi kaina me mai rigar za ta ce, ban sha wahalar samun amsa ba. Matar da ba ta yarda tsumma ya zauna banza, ina za ta yarda riga sukutum ta shekara goma a akwati?

Da la'asar na miƙa mata rigar da reza, na shige kicin don kada in gani. Can sai na ji ta, "Umma! Umma, zo ki ga wani abu." Na fito. A kowane gefe na rigar, daga hammata har ƙasa, Gwaggo ta ninke yadi mai faɗin yatsa uku ta ɓoye a ciki, shuɗinsa na nan da duhunsa kamar yau aka rina. Sai a lokacin maganarta ta dawo mini. Rabon gobe take kiransa, takan ce jikin mace ba ya tsayawa wuri ɗaya, a bar masa wurin zuwa. Na sha jin wannan tun ina yarinya, amma da yake ban taɓa farke riga ba, ban san abin da ake nufi ba. Duk shekarun nan ina cewa rigar ta yi mini kaɗan, ashe tun ranar da ta yanka ta san zan yi ƙiba, ta tanadar mini. Na zauna a ƙasa na yi kuka, rabi na kewa, rabi na kunya.

Da Gwaggo za ta leƙo yau, ba na jin za ta yi faɗa da wayar Nafisa. Dariya za ta yi, ta ce ashe an fara sayar mana da tuwonmu na jiya, sannan ta matso a nuna mata. Abin da ba zan so ta gani ba shi ne durowata. Ban bar sana'ata ba, kada in yi muku ƙarya, da ita nake ci. Amma bakina ya daina iya furta "an riga an gan ki da shi", kuma duk wadda ta sayi yadi nakan ce ta roƙi telanta ya bar mata rabon gobe. Wasu su yi dariya, wasu su tambaya.

Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta bar gona ko gida da sunanta ba. Keke ta bari, da wannan hali na yi wa mutum tanadi ba tare da ta gaya masa ba. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata kabarinta kamar yadda ta yalwata mana. Nafisa ta buɗe rigar ta mayar, ɗinkinta ya ɗan karkace ta hagu, kuma na hana ta gyarawa. Idan kun gamu da ni a kasuwa da shuɗiyar riga mai layi biyu masu duhu a gefe, kada ku ce tela ya yi kuskure. Wurin da Gwaggo ta bar mini ne, sai yanzu na iso.