Ƙaton da Tsintau Ta Bari a Ɗaki

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan jiya, mijinki ya kira ni a waya. Ya yi sallama na amsa. Sai ya ce, "Yaya, ƙanwarka ta riga mu." Allah ne Ya ba mu ke, Shi ne Ya karɓi abinSa, wurinSa kuma duk muka dosa. Shekararki arba'in da bakwai. Ni da na girme ki da shekara goma sha ɗaya, yau ni ne zaune ina rubuta miki ta'aziyya.

Ni na sa miki suna Tsintau, don tsokana kuwa na sa shi. Tun kina ƙarama ba kya wuce murfin kwalba ko mataccen batir a hanya ba ki duƙa ba. In Mama ta zo wanki sai ta zazzage aljihun rigarki tana salati. Sunan ya bi ki makaranta, ya bi ki gidan miji, har 'yarki ta taɓa tambayata ko shi ne na yanka. Ba ki taɓa nuna ya ɓata miki rai ba. Ke ce mai gyaran gidanmu: rediyon Baba, keken ɗinkin matata, fankar maƙwabta. Lokacin da aka yi mini aikin ido, kwana tara kina zuwa kina karanta mini jarida, kina ƙara labaran ƙarya a ciki don ki ji ko ina saurare.

Da kika girma sai tsintar ta zama sana'a. Kika kama ɗaki a bayan layin masu walda, kika shiga ƙera mutum-mutumi da abin da mutane suka yar. Mijinki, da yake walda ce aikinsa, shi ke haɗa miki ƙashin da rodi, ke kuma ki yi masa tsoka da leda da gorunan roba da wayoyin caja. Kina da ƙa'ida guda da ba kya karyawa: ba kya haɗa sharar wani da ta wani. Mutum ɗaya za ki roƙa ya riƙa tara miki duk abin da zai jefar, in ban da abinci, shekara guda cur, sannan ki gina shi da ita. Kikan ce so kike kowa ya tsaya gaban abin da ya cinye na duniya ya ga girmansa.

Labarin da ya riƙa iso mini shi ne siffofin suna fitowa da kamannin masu su, alhali ba kya yi musu fuska. Wata ma'aikaciyar jinya ta ga nata ya karkata hagu, yadda take tsayawa saboda ciwon ƙugun da ba ta faɗa wa kowa ba. Wani ɗan kasuwa ya zo da mota zai ɗauki nasa, ya yi masa kallo ɗaya, ya juya ya tafi bai sake waiwayar layin ba. Matan unguwa suka ce ɗakin ba lafiya ba. Ni kuwa, malamin makaranta mai ji da kansa, mai yi wa ɗalibai wa'azin tattali shekara talatin, na ce ƙanwata ta buɗe bola ta sa mata ƙofa. A gabanki na faɗa, aka yi dariya, ke ma kika yi.

Duk haduwarmu sai kin ce, "Yaya, yaushe za ka zo ka gani?" Ni kuma in ce sai na samu sarari. Daga gidana zuwa ɗakin tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Shekara goma sha biyu ban samu sararin ba.

Bayan rasuwarki da mako biyu mai ɗakin ya aiko cewa yana son a kwashe kaya kafin ƙarshen wata, abin da ya rage kuma motar shara za ta ɗauka. Masu siffofi suka zo suka karɓi nasu, wasu aka kai wata makaranta. Mijinki ya zo har gida ya ce mini, "Saura biyu, Yaya, kuma ba ni da ikon yanke hukunci a kansu. Sai ka zo."

Da tsakar rana muka je. Ya buɗe kwaɗon ya ja baya, na shiga. Ɗakin na warin roba mai ɗumi, ƙasa duk shacin inda siffofi suka tsaya, ƙafa bibbiyu a cikin ƙura. Rana ta gasa kwanon rufi, sai na ji wani abu ya yi ɗas a bayana, wani ya amsa daga sama. Mijinki ya ce gorunan roba ne ke buɗewa in sun ji zafi, kullum haka suke yi war haka. Na yarda da bayaninsa, amma tsikar jikina ba ta kwanta ba. A ƙuryar ɗakin wani ƙato yana tsaye, kansa ya tokare silin har ya ɗan sunkuya, tumbinsa na leda yana tashi yana sauka duk lokacin da iska ta shigo ta taga.

Don in kori tsoro na yi dariya na ce, "Kai! Wannan wane mai handama ne? Ai shi kaɗai ya cinye rabon gari guda."

Mijinki ya duba ƙasa.

Na matsa kusa. A kafaɗarsa na ga butar lantarkin da na yar don murfinta ya yi sako-sako. Ƙasa da ita wayoyin salula huɗu a jere, ɗaya da tsagewa a kusurwa inda ta faɗo mini a matakalar ofis. Silifa ƙafa shida, kowanne ya cinye ta gefen waje, yadda nake cinye takalmi tun ina yaro. Reza ba adadi, alƙaluman ja da ko rabi ban sha ba, gorunan ruwa ɗaruruwa, kowacce an murɗe wuyanta kamar yadda nake yi in na gama sha. A inda ido ya kamata ya kasance kin ɗaura tsohon tabarauna. Ya goya hannunsa ɗaya a baya, ya turo ciki gaba. Haka nake tsayawa a gaban aji.

Ashe da matata kuka haɗa baki. Ta ware buhu a bayan kicin, duk abin da na jefa kwando ta tsame ta aika miki. Na tambayi mijinki na shekara nawa ne wannan, ina fatan ya ce goma. Ya ce, "Ɗaya ce, Yaya. Ba ta ƙara wa kowa."

Sai a lokacin na lura da na biyun. Yana gefen ƙaton, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, siriri, yana ƙyalli. Na durƙusa. Katin magani ne da aka ɓare, ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi, da robar ƙarin ruwa a naɗe a matsayin wuya, da murafen sirinji a matsayin yatsu. A kansa akwai gashi na gaske, irin wanda ke zubewa a matsefi. Ban buƙaci a faɗa mini na wane ne ba, domin ya langaɓar da kai gefe yadda kike yi in kina jiran amsa.

An ce mini gajeriyar rashin lafiya kika yi. Na ga kin rame, na ce aikin bola ne ke cin ki. Na ga kin daina cire ɗankwali ko a cikin gida, ban tambaya ba. Mijinki ya share ido da bayan hannu ya ce, "Shekara guda tana jinya. Na ce mu faɗa maka, ta hana. Ta ce ranar da Yaya ya shigo ɗakin nan zai gani da kansa, ba sai an yi masa bayani ba."

Tsintau, wannan magana ta fi mini labarin mutuwar ciwo. Ina jin kunyarki, ina kuma kewarki, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Ƙaton ya fi ƙofa tsawo da faɗi. Mijinki ya ce abin da zai yiwu shi ne a yanka shi gida huɗu a zuba a mota, ni kuma in tafi da ƙaramin. Na kusa amincewa, don ba na son wani ya ga wannan abin kunya. Na sa hannu biyu zan ɗaga ƙaramin, sai ƙaton ya yi wata ƙara ya rinjayo kaina, leda na karkarwa, har mijinki ya yi tsalle ya tare shi da kafaɗa. Da muka duba ƙasa muka ga rodi ɗaya ne ya fito daga ƙafar ƙaramin ya shige ƙugun babban. Mijinki ya rantse ba shi ya yi wannan waldar ba. Ke kika yi ta da hannunki, a watannin da ko kofi da ƙyar kike ɗagawa. Nauyin ƙaton duk a kan ƙaramin yake, in aka raba su ba zai tsaya ba.

Na roƙi mai ɗakin, ya yarda. Birkila ya fasa bakin ƙofar, mutum shida suka fito da su a haɗe, aka mayar da ginin yadda yake. Yanzu suna rumfar gidana, inda nake karɓar baƙi. Duk wanda ya tambaya nakan ce wannan ni ne, wannan kuma ƙanwata ce, in ba shi labarin ba tare da na rage komai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya riƙe amanar da ta fi ƙarfinsa, da 'yarki, da matata da ta fi ni sanin darajarki, da duk wanda ya taɓa kai miki buhu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Ni kuma ina roƙonSa Ya yafe mini, domin ke da ya kamata in roƙa, na bari har ba ki da bakin amsawa.