Kududdufin da Muka Cike da Hannunmu

Lokacin da wannan abu ya faru ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, shekaruna talatin da ƴan kai, kuma ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina ji da kaina. Na yi karatu a Maradi, ina da baki, in na miƙe a taro na ga dattawa suna gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara kumbura. Ƙungiyar ba wata babba ba ce, ƴan kasuwa ne da ma'aikata kaɗan, sai matan unguwa da ke da nasu reshe. Aikinmu shara, yashe hanyar ruwa kafin damina, gyaran maƙabarta, da kai kuka meri, ofishin magajin gari, in famfo ya ɗauke. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata.

A ƙarshen unguwarmu akwai wani tsohon kududdufi inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini. Da damina yakan cika ya yi kore, sauro ya yi ta hayayyafa, da rani kuma ya koma juji. Shekara ɗaya kafin wannan abu zazzaɓin sauro ya kwantar da ƴata ta fari, muka yi kwana shida a asibiti ina kallon ruwan da ake ƙara mata. Tun daga nan na tsani ramin nan kamar shi ne ya cije ta. Da rani ya kama na fara zuga mutane cewa mu yi gayya mu cike shi, kuma ban sha wahala ba, don kusan kowane gida sun yi jinya.

Gidan da ya fi kusa da kududdufin na wani dattijo ne manomi, Kirista, wanda duk unguwa muke ce wa Baba. Gidan laka ne da mahaifinsa ya gina, yana ciki da matarsa da jikoki uku da rumbuna biyu. Bai taɓa fashin aikin gayya ba, ko haƙar kabari ake yi yana cikin na farko da ke zuwa da magirbi. Amma taro ba ya samu, saboda ni da kaina na tsayar da shi ranar Lahadi da hantsi kafin kasuwa ta cika, lokacin da ma'aikata ke hutu. A wannan sa'ar shi da sauran gidaje huɗu na Kiristoci suna majami'a. Shekara biyu ina sakatare ban taɓa lura da haka ba.

Ranar Asabar, jajibirin taron da za a yanke shawara, Baba ya zo ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ya gaishe ni da Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, kamar yadda ya saba, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a tabarma. Ya ce ya ji maganar cike rami, kuma shi ma ba ya son sauro, amma ruwan unguwa duka, tun daga bakin kwalta, nan yake gangarowa ya kwanta. In aka toshe masa wurin kwana, zai nemi wuri mafi ƙasa, kuma babu gidan da ya kai nasa ƙasa. Ya roƙe ni in faɗa wa jama'a da bakinsa, ya ce ko a cike rabi a bar rabi, ko a fara haƙa wa ruwan hanya zuwa bayan gari. Na ce masa Baba kada ka damu, zan isar. Ya sa mini albarka ya tafi.

Ban isar ba. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi muku ƙarya. Da muka zauna ƙarƙashin dogon yaron masallaci na ga yadda mutane suka ɗauki zafi, mai amalanke ya yi alkawarin shanunsa, mata sun ce su za su kawo kunu. Na san in na kawo maganar Baba dattawa za su ce a dakata a duba, kuma a garinmu abin da aka ce a dakata ya mutu ke nan. A raina na ce tsoron tsufa ne kawai, ruwa ai ƙasa za ta shanye. Da shugaban ƙungiya ya tambaya ko akwai mai ja, na duƙar da kai ina rubutu, aka shafa fatiha aka watse.

Asabar uku muka yi muna aiki. Abin da har yau in na tuna nake jin kunya shi ne Baba ya zo dukansu. Ranar farko ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na faɗa, na ce na faɗa, jama'a sun ji amma sun ga a cike. Ya ce to tunda jama'a sun ji kuma sun yanke, shi ba zai ware kansa ba. Ya ɗauki kwando ya shiga layi. Da idona na ga tsohon nan yana jidar yashi a ka yana zubawa a ramin, gumi na bin gemunsa, matasa suna tsokanarsa wai ya fi su ƙarfi, yana dariya. Da aka gama, wurin ya yi fes, har wani ma'aikacin meri ya zo ya yaba mana, ni kuwa ina ta washe baki.

Ruwan farko da na biyu ba su yi kome ba, har na fara yi wa tsohon dariya a zuci. A tsakiyar damina, wata Laraba bayan azahar, sama ta buɗe ba ta tsaya ba sai kusan magariba. Ina tsaye a zaure na ga ruwa yana gudu a titi kamar gulbi, ya wuce inda ramin yake dā bai ko waiwaya ba. Kafin mu isa gidan Baba ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Muka fito da tsohuwa da yaran, muka yi ta tara buhunan yashi, muna kwarfa da bokiti, amma abin da muka kwashe sau goma nasa ke shigowa. Muna tsaye a nan katangar gabas ta zauna, ɗakin tsohuwa ya bi ta, sai rumbu ɗaya ya kife da sauran geron da za su ci kafin kaka. Baba bai yi kuka ba, yana dai riƙe da akuyarsa yana kallo. Ni kuwa na ajiye bokitin.

Washegari na ta da ƙungiya na ce mu sake haƙe ramin. A nan na gane cewa abin ya fi ƙarfina. Ƙasan duk leda ce da shara da muka danne, ga laka, shebur ba ya shiga. Waɗanda gidajensu ke kan tudu suka ce su dai sun huta da sauro. Kafin a yi sati biyu wani mai hali ya fito da takarda wai filin na gadonsu ne, dā rami ne shi ya sa bai kula ba, ya sa aka kafa turaku. Na yi zarya a meri har masu gadi suka san ni, kullum a ce in dawo. Yau akwai shaguna uku na siminti a wurin, kuma duk damina ruwa na kwana a kangon gidan Baba.

Unguwa ta yi ƙoƙari, an ba su ɗaki a wani gida, an kai musu hatsi, ƴan majami'arsu ma sun taimaka. Amma ba a sake gini a inda ruwa ya riga ya kama. Bayan kaka suka tattara suka koma wani ƙauye wajen Hawandawaki, gun ƙanen tsohuwar. Mutumin da aka haifa a unguwar nan, ya binne iyayen da yawanmu da hannunsa, ya fita a kan amalanke da tukwane da tabarmi.

Bara na hau babur na bi yashi na je gaishe shi, da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na tarar ya rame, idonsa ɗaya ya soma hazo, yana zaune a bukkar kara. Ya yi murna ƙwarai, ya sa aka dama mini fura. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ce shi bai riƙe kowa a zuciya ba, kuma ni musamman yana gode mini, don ni kaɗai na tsaya na kai maganarsa gaban jama'a. Na ajiye furar. Na ce ba kome Baba, na yi sallama na taho, kuma har yau ban koma ba.

Abin da na koya, na koya shi a kan gidan wani. Ku da ke riƙe da ƙungiyoyin unguwa, kafin ku yanke magana ku duba wa ya zo, ku kuma tambayi kanku wa bai zo ba da abin da ya hana shi. Wanda ke zaune a gangare ya fi mai takarda sanin inda ruwa ke bi. In kuwa wani ya ba ka saƙo ka kai taro, ka kai shi ko da zai rushe abin da kake so, in ya so jama'a su ƙi da bakinsu. Na ajiye sakatarci, an mayar da taro Asabar da yamma, amma wanda aka yi gyaran dominsa ba ya nan. Duk sa'ad da hadari ya haɗu a gabas nakan tuna Baba da kwando a ka, yana zuba yashin da zai rushe gidansa, don ya yarda da maganata.