Yatsan Da Na Dangwala A Madadin Maƙwabciyata

Ni tsohuwa ce yanzu, ko alif ban sani ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗi tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini komai ko da ya yi ɗaci. A zamanin da zan ba ku labari, zamanin da mazanmu ke tafiya Damazin aikin madatsar ruwa, ni mace ce mai ƙarfi, mai baki, shugabar mata masu tsinkar auduga a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tura'a, wato magudanar ruwan ban gonaki, tsakanin Hasahisa da Madani, can gabas kan hanyar masu zuwa Makka. Idan mai hawasha, wato mai gonar, yana neman hannu, da ni yake magana. Idan wakilinsa ya kawo takarda, ni ke dangwala yatsa a madadin kowa, don ba a tsai da aiki a jera mata rana na hawa. Muna kuma da doka guda wadda ba a rubuta ba: abin da shugaba ta dangwala a gaban bare, babu mai musa shi a gaban bare. In akwai faɗa, sai an koma gida. Da wannan doka muka tsira da mutuncinmu a ƙasar da ake ce mana baƙi ko da a nan aka binne cibiyarmu. Da ita kuma na karya ɗan mutane.

Samari huɗu ne daga ƙauyenmu a makarantar horon malamai a Madani, kuma uwayensu duka suna cikin matan da nake shugabanta. Akwai nawa, akwai wasu biyu, akwai ɗan maƙwabciyata wadda zana guda ta raba mu. Hukuma ke ba su ci da wurin kwana, abin da ake kira dakiliya, in ba don haka ba ɗan mai tsinkar auduga ina shi ina Madani. Ukun farko ubanninsu sun samu jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. Na huɗun ba shi da ita. Ubansa ya taso daga yamma da niyyar hajji, ya tsaya noma don ya tara guzuri, ajali ya riske shi kafin ya ga Makka ko takarda. Shugaban makarantar ya karɓi yaron ne don kaifin kansa, bisa alkawarin takarda na tafe, kuma maganarta na can ofis tana jiran sa hannu. Watanni kaɗan suka rage ya zama malami. Uwarsa takan ce ɗanta kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai yake, ko tari ba ya yi da ƙarfi.

Sai hukuma ta ce aljihunta ya huje. Aka fara cire nama, aka cire shayin safe, sannan aka ce bayan hutu za a rufe dakiliya, kowa ya nemi inda zai kwana. Ɗalibai suka fita titi. Ɗana na cikinsu, amma akasarin na gaba 'yan birni ne, waɗanda gidajen iyayensu ke nan kusa, in an kore su tuwon yamma a gida za su ci. Shugaban makarantar ya ce ai masu ihun 'yan tsiraru ne, ba su ke cin abincin ba ma, masu cin abincin ga su nan cikin aji sun yi shiru. Gaskiya ya faɗa, ƙarya kuma ya yi. Sun yi shiru, amma ba don sun ƙoshi ba. Ɗan maƙwabciyata ya zauna a ajin da babu kowa sai shi da allo, ana wucewa ta taga ana ce masa matsoraci, bai ɗaga kai ba.

Don su ƙaryata shugaban, ɗaliban suka rubuta takardar koke da sunan iyayen 'yan ƙauye duka. Ɗana ya zo da ita wata Alhamis, da ɗan gwangwanin tawada a aljihu. Ya je wa dattawa bayan la'asar, suka saurare shi har ƙarshe, suka ce wanda ke zaune a inuwar aro ba ya jifan mai itace. Da safe ya same ni a gona. Ya ce, Inna, in aka rufe dakiliya babu ɗan ƙauyen da zai sake karatu, kuma ba a neman komai sai yatsan uwa a gaban sunan ɗanta. Na dubi wuyansa, ya rame kamar karan dawa. Na ce ya buɗe tawadar.

Ku ji inda laifina yake, don kada wani ya ɗora wa yaron. Da na dangwala a gaban sunansa, ya ce bari ya kira sauran uwayen uku. Maƙwabciyata na can ƙarshen kunya, ina hangen jan kallabinta yana sama yana ƙasa cikin farin auduga. Kira ɗaya zai kai gare ta. Na ce masa tun yaushe aka fara tsai da mata aiki don takarda, bakina bakinsu ne, yatsana yatsansu ne. Ya nuna mini gurbi uku, na dangwala uku. Na faɗa wa kaina cewa don sauri na yi. Ba don sauri ba ne. Na ji tsoron in na kira ta za ta ce a'a, kuma a'a ɗinta zai rage wa takardar ɗana nauyi.

Tawadar shuɗiya ce, ta ƙi fita. Na goga da toka, na goga da yashin tura'a, ta shige ƙarƙashin farce ta zauna. Muna wanki maƙwabciyata ta gani, ta yi dariya ta ce, Yaya, yau ba ranar wakili ba, wa kika aura a takarda? Na ce wasan yara ne. Kwana goma da wani abu ina naɗe hannu cikin gyale. Ba a ji komai daga Madani ba, kuma wannan rashin jin ya fi mini jin. Duk ƙurar da ta tashi a kan hanyar tura'a sai in tsaya da auduga a hannu har in ga jaki ne.

Ranar da ba jaki ba ne, da hantsi suka iso: wani jami'i da 'yan sanda biyu. Aka ajiye masa tebur ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar mai gari, aka kira mu mu huɗu. Ya shimfiɗa takardar, ya buɗe gwangwanin tawada ya ajiye a gefe, bai taɓa shi ba. Ya yi magana a hankali, mai gari na maimaitawa don kada wata ta ce ba ta gane ba. Ya ce yaran da ubanninsu ke da jinsiya za a ja musu kunne su koma aji. Amma wanda ba ɗan ƙasa ba, in uwarsa ta sa hannu a rigima da hukuma, ba shi da sauran kujera. Sai dai in ba yatsanta ba ne. In ba nata ba ne, ɗanta ya tsira, wanda ya kawo takardar kuwa ya yi jabu, kuma jabu gidan yari ne. Ya duba tambarin nan huɗu, ya dube mu. Wallahi ya sani. Makaho ma zai shafa ya ce yatsa ɗaya ne.

Ya tambayi maƙwabciyata ko yatsanta ne. Ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da mata ke yi mini a gona in wakili ya yi tambaya, suna jiran shugaba ta buɗe baki. Magana ɗaya ta rage gare ni: ni na yi, yaron ya ce a kira su na hana. Da na faɗa, wataƙila da tsohuwar jahila aka yi wa faɗa aka wuce. Wataƙila kuma da an tafi da ɗana. Ban sani ba, har yau ban sani ba, don ban gwada ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa.

Ta ce, "Nawa ne."

Jami'in ya sake tambaya, ya tura tawadar gabanta kaɗan. Ta ce, "Abin da Yaya ta sa, ni na sa. Nawa ne." Ya rufe gwangwanin.

Bayan kwana uku da azahar ɗanta ya dawo ta bakin tura'a, korarre, da akwatin ƙarfe a ka. Ya gaishe ni a ƙofa yadda ya saba, har ƙasa. Maganar jinsiyarsa ta mutu a ofis. Ya tafi Damazin ɗaukar siminti, can ya tsufa da dako, mutumin da ya fi duk sa'o'insa karatu. Da shekara ta juyo hukuma ta bar dakiliya a buɗe, aka yi ta cewa takardar iyaye ce ta yi aiki, muryar ƙauyuka duka. Ɗana ya zama malami. Ana yi mini barka ina amsawa.

Na jira faɗan gida, kamar yadda dokarmu ta ce. Bai zo ba. Ta ci gaba da miƙo mini wuta ta kan zana, amma da kaka ta zagayo ta koma tsinka a bayan wata shugabar. Sai a ciwon ajalinta, bayan shekaru masu yawa, na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun a ƙarƙashin dalbejiya, in ba haka ba da ba ta iya faɗin abin da ta faɗa. Sannan ta ce, "Abin da ya tsaya mini, Yaya, da kin kira ni, wataƙila da na yarda." Ni na yi mata wanka. Da na zo kan babban yatsanta na dama, fari tas, wanda bai taɓa shan tawada ba a duniya, na kasa ci gaba, sai da wata ta karɓe ni.

Yanzu ina ji a rediyo ɗalibai sun sake fita don an rage musu abin makaranta. Suna cewa da bakin kowa suke magana, manya na cewa 'yan tsiraru ne. Ni ban ce ku zauna ba, 'ya'yana, yunwa gaskiya ce, na gan ta a wuyan ɗana. Ku ma manya, kada ku ɗauki shirun mai tsoro a matsayin yarda. Amma kai mai tafiya gaba da tuta, kafin ka ce "mu duka", waiwaya ka ga wanda ya zauna a aji, ka tambaye shi abin da yake ɗauke da shi a faifai. In ya ce a'a, ka bar masa a'a ɗinsa. Ni na yi gaskiya a kan dakiliya, ban yi gaskiya a kan yatsa ba, kuma ba ni na biya ba. Maƙwabciyata na ƙarshen kunya ne kawai. Kira ɗaya.