Zubabben Hatsin Mangaza

Shekarar da fari ya ƙarar da shanun Kurfai, basilla ce ke ciyar da gidana. Ina ɗinke bakin buhu a wata mangaza, wato sito, a Filinge, inda ake ɗura dawar taimako da motoci ke kawowa daga Yamai. Albashin dai ba abin faɗi ba ne. Abin da ke riƙe da mu al'adar wurin ce: duk hatsin da ya zube ƙasa wajen awo, na mai ɗinki ne. Da la'asar in share, in kai gida, uwar ƴaƴana ta sheƙe, ta tsince tsakuwa, a ɗora tukunya.

Sai aka kawo mashin. Mazurari ne a sama ya cika buhu, wata shimfiɗar roba mai tafiya da kanta ta ja shi, allura ta bi bakinsa tarrr, an gama. Ɗan banzan ko ƙwaya ba ya zubarwa. Mutum guda ake so ya tsaya masa, kuma wa aka ɗauka? Taubashina, ɗan kawuna, wanda ni na koya wa zura zare a basilla! Wai ya taɓa lakwal, makarantar boko, yana iya karanta rubutun jikin mashin. Har shuɗiyar riga suka ba shi. Wallahi rigar nan ta tsaya mini a wuya.

Ni kuwa aka miƙo mini tsintsiya, ga daɓe fes, ba abin sharewa. Kullum in koma gida da ƙwarya wayam, ƙaramar ɗiyata ta leƙa ciki, ta ɗago ta dube ni.

Shi ko sai tsokana. "Taubashi, ina basilla? Ko ka saida ka sha fura?"

Na ce, "Allah ya sa mashin ɗin ya ɗinke maka baki." Ba da wasa na faɗa ba.

Wata ranar kasuwa, mai mangaza ya fita salla, sai na ga taubashina ya karkata buhu a bakin mazurari. Dawa ta watsu ko'ina. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai, mai tsintsiya! Zo ka share mini wurin aiki, ba na son ƙazanta." Leburori suka kwashe da dariya. Na durƙusa gaban ƙafafunsa na share, har ƙwaryata ta cika.

Haka hannunsa ya dinga kucewa har damina ta sauka, kuma da wannan dawar ƴaƴana suka kai ga sabon gero. Uwarsu kan ce ba ni da godiyar Allah, mutumin da ya yi mana haka ai sai addu'a. Ina yi masa addu'a mana! Amma duk ranar da na durƙusa a wurin nan, ba dawar nake kallo ba, hannunsa nake kallo, zuciyata na tafasa. Ni ya kamata in karkata buhun nan, shi ya share.