Ranar da Aka Auna Zuciyar Baba

Mahaifina tsohon malamin makaranta ne. Ko a tsakar gidanmu na Kwaciri ba a ganinsa babu hula, balle babu riga. Da likita ya rubuta masa gwajin bugun zuciya, sai da na yi mako ina lallashi kafin ya yarda mu je.

Adaidaita sahu muka hau. Cunkoson shataletalen Bata ya riƙe mu, Baba yana numfashi sama-sama yana cewa zafin rana ne. Wurin gwajin a Sabon Gari yake, a saman bene. Sau biyu ya tsaya a matattakala, ya dafa bango.

Mai aikin wata 'yar Ibo ce, haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta tamkar Bakanuwa.

"Baba, sai an cire riga," in ji ta.

"Babu namiji?"

"Bai zo ba yau. Ku ɗauke ni 'yarku."

Ya cire ya kwanta, idonsa a rufe. Ranar na ga yadda ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙafafunsa kuwa sun kumbura. Ta manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da idon sawu. Na'urar ta fitar da takarda mai zane hawa da sauka. Ta duba, ta sake gwajin, ta sake dubawa.

"Baba, kun taɓa yin ciwon ƙirji mai tsanani?"

Ya buɗe ido. "Da azumi. A sahu ya kama ni, na idar da sallar a zaune."

"Wa kuka gaya wa?"

"Allah."

Wata biyu ke nan, muna gida ɗaya, ba mu sani ba.

Ta ja ni gefe. "Ni ba likita ba ce, amma kada ku koma gida. Ku wuce asibiti yanzu."

A can likita ya ce wani sashe na zuciyar ya mutu tun ranar, kuma ba ya dawowa. Aka kwantar da shi, daga baya aka sallamo mu da magunguna. Da Inna, mahaifiyarmu, ta ji abin da ya ɓoye, kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma ta daina sa gishiri a miyar gidan gaba ɗaya.

Ya rasu bayan babbar sallah, wata Alhamis da hantsi, yana zaune a kan tabarma, Inna tana dama masa koko.