Ranar da Aka Raba Ofishinmu

Ina aikin buga tafireta a Kazaure lokacin da aka ba mutanen Roni ƙaramar hukumarsu. Mun taya su murna, har sai da kwamitin rabo ya iso. Aka fito da tebura da kujeru tsakar gida, ana shafa musu fenti, jan na masu tafiya, shuɗin na masu zama. Da aka gama da kaya aka juyo kanmu. Ƙa'idar ita ce kowa ya koma inda aka haife shi.

Ni a wani ƙauye gefen Roni aka haife ni, amma aure ya kawo ni Kazaure. Maigidana yana koyarwa a firamare, ga goyo a bayana. Na kasa cin abinci.

Akwai wani dattijo, masinjanmu, wanda ya fara aiki tun zamanin En'e. Ya tarar da ni zaune gaban tafireta, ko takarda ban saka ba.

Ya ce, "'Yata, daina kuka. Da can hakimi ne ke cewa je ka ko zauna, in ya yi fushi da kai shi ke nan. Yanzu kuwa ƙa'ida ce, ana iya zuwa a tambayi abin da ta ce. Je ki wurin sakatare."

Na ce, "Baba, ina ni ina ofishin sakatare?"

Abokiyar aikina, ita ma mai buga tafireta, tana jin mu daga teburinta. Ita haifaffiyar Kazaure ce, mijinta kuma ɗan kasuwa ne a Roni, can suke zaune, kullum sai ta shigo motar haya da sassafe ta zo aiki. Ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce, "Tashi mu je tare. Ni can nake so, ke nan kike so."

Muka shiga muka durƙusa. Ita ta yi bayani. Sakatare ya saurare ta yana murza biro.

Can ya ce, "Abin da aka ce mini, kowane ɓangare ya samu mai buga tafireta. Na yi magana da takwarana na can, in ya yarda, ku yi musaya. Amma kada wata ta dawo mini gobe ta ce ta fasa."

Muka ce, "Ranka ya daɗe, ba mai fasawa."

Takwaran nasa ya yarda. A ofis aka faɗa mana. Da aka tashi na biya kasuwa na sayi kifin dam. Na iske maigidana ya dawo daga Roni, ashe ɗakin haya ya je nema mini bai faɗa ba. Da na ba shi labari, sai ya cire hularsa ya ce, "Alhamdu lillahi, dama ɗakin yana yoyo."